Shekarar da Aka Narkar da Awarwarona

Da sunan Allah nake buɗe baki, Shi da Ya ja mini kwana har na ga 'ya'yan jikokina suna gudu a ƙasar da ko a mafarki ban san da ita ba. Kun san ban yi boko ba. Bakin nawa ne, hannun na wani ne, kuma na ce kada a gyara mini magana. Wannan babi na shekarar da na rabu da gwal ɗina ne. Na san kun tsinci labarin guntu-guntu, wani a bayan ƙofa, wani a cikin mota, kuma a cikinku akwai wanda har yau in an ambaci gwal ɗin Hajiya sai ya saci kallon babban ɗana, Injiniya na unguwar Perry Barr a Birmingham. To ku daina. Bai ci mini ko ƙwayar zarra ba. Abin da ya raba shi da ƙanwarsa Zainabu har shekara huɗu, bakina ne da na rufe.

Gwal ɗin nan daga gyaɗa ya fito. A gidanmu na cikin birnin Kano, kakanku Malam yana gyaran keke a bakin titi, ni kuwa ina tsakar gida ina soya gyaɗa, a kai niƙa, a dawo da ita in matse mai har kafaɗuna su mutu, in murza tunkuza in toya ƙuli-ƙuli. Ƙamshin gidan nan har zaure na uku ana jin sa. In na kwashi adashe ba na sayen atamfa, ba na ƙara kwalla a jere kamar sauran mata. Sai in aika a kira dillaliya, ta zo ta zauna a kan tabarma ta kwance ƙullin zaninta, mu yi ta ciniki har la'asar. Innata ce ta dasa mini wannan tun ranar da za a kai ni ɗaki. Ta ce namiji gona yake saye, mace kuwa gwal, don gona sai an je mata, shi kuwa gwal bin ki yake yi duk inda aka kai ki. Ta ce ranar da ƙarfinki ya ƙare shi zai yi miki noma. Ba mu san wata kalma wai fansho ba, amma abin da take nufi ke nan.

A shekara talatin na tara awarwaro goma sha biyu, da sarƙa biyu, da 'yan kunne masu lilo, da zobba. Kowanne na san daminar da na saye shi. Akwai awarwaron shekarar da gyaɗa ta yi araha, akwai siririn da na saya da wuya shekarar fari, akwai sarƙar da Malam ya cika mini kuɗinta bai faɗa wa kowa ba. Kuma gwal ɗin bai yi zaman akwati ba. Babu amaryar da aka kai ɗaki a layinmu ba ta ara ba, ya je ya kwana bakwai ya dawo yana ƙamshin turaren wuta. Zainabu, autata, tana ƙarama takan hau cinyata ta riƙa tura awarwaron sama tana sakinsu suna ƙara, ta ce, "Inna, na waye?" Ni kuwa in ce, "Naki ne mana, wa nake da shi?" Haka kowace uwa take faɗa wa 'yarta, kuma har zuciyata nake faɗa.

Shi kuwa Injiniya bai taɓa hawa cinyar nan ba. Ku 'yan yanzu sai an yi muku bayani. Ɗan fari ne, kuma a tarbiyyarmu uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta yabonsa a gaban mutane, in ya faɗi sai dai wata ta ɗaga shi. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. Uku da na haifa a tsakaninsa da Zainabu duk sun koma, na yi kukansu a fili, amma shi ranar da zazzaɓi ya kusa tafiya da shi ina bayan ɗaki ina cizon zani don kada a ji ni. Ba rashin so ba ne. So ne da aka hana shi baki, sai ya yi ta yin jijiya a ciki.

Bayan rasuwar Malam shi ya yi ta fafutukar takardu har ya kawo ni Birmingham. Na zo da akwati ɗaya, gwal ɗin yana ƙasansa cikin gwangwanin alewa, a naɗe da tsohon ɗankwali. Zainabu tana Manchester, a Gorton, tana aikin ba da magani a asibiti, da mijinta da 'ya'yanta. In azumi ya zo ina wajenta, sauran shekara ina wajen yayanta. Sallah kuwa gida ɗaya ake yi, bana nan, baɗi can, a cika falo har kan matakala, jikoki suna ta Turancinsu ta hanci suna ce mini tuwona ya yi tauri, ni kuwa ina ce musu haƙoransu ne na 'yan madara. Waɗannan shekaru ban san sun yi daɗi ba sai da suka wuce.

Sai gwamnatin ƙasar nan ta tsuke bakin aljihu. Ni ban san siyasarsu ba, abin da idona ya gani nake faɗa. Ɗakin da kansil, wato ƙaramar hukuma, ke tara mu tsofaffi ranar Laraba, mu sha shayi da matan Pakistan da na Somaliya muna hira da hannu, aka rufe shi. Ɗakin karatun da yara ke zuwa aka rage masa kwanaki. Kamfanin da Injiniya ke yi wa aiki, na gyaran tituna ne, kuma kansil ce ke ba su kwangila. Da kansil ta ɗaure jaka sai suka fara sallamar mutane. Na lura ya daina karin kumallo, na lura ana kashe hitar ɗumama gida da rana, amma ba a tambayar ɗan fari me ke damunsa. Matarsa Maryama ce ta same ni a kicin wata hantsi ina tsince shinkafa.

"Hajiya, sun ba shi takarda. Ƙarshen wata uku aikin ya ƙare."

"Allah Ya buɗa wata ƙofar. Ai ma'aikaci yana da fansho."

Ta ajiye wuƙar da ke hannunta. "Wane fansho, Hajiya? Shekara ashirin bai zuba ko sisi ba. Da fari ya ce kuɗin ruwa ne a ciki, ba zai shiga ba. Daga baya kuma ina abin zubawar? Wankin ƙodar Malam, karatun Zainabu, rufin gidan Kano. Ga shi ya ba arba'in da biyar baya. Don Allah kada ki ce na faɗa miki."

Na ci gaba da tsintar shinkafa, amma ban ƙara ganin tsakuwa ko ɗaya ba. Wankin ƙodar nan shekara uku aka yi ana yi, ni ina zaune a kan gwal, ban taɓa tambayar daga ina kuɗin ke fitowa ba. Na ɗauka Ingila rijiya ce.

Kwana uku ina juya abin. Ran na huɗu, Maryama ta kai yara makaranta, na same shi a falo yana duba takardu. Na zauna na ba shi gefe, na fuskanci taga, don haka muke magana tun da can.

"An ce a ƙasar nan ana yi wa tsufa tanadi ba da kuɗin ruwa ba?"

"Ana yi, Inna. Akwai wani irin asusun fansho da mutum zai sa a saya masa gwal zalla, bulo-bulo, a ajiye masa a ma'aji. Ba ya haihuwa, ba ya cin ruwa. Yana hawa, yana sauka, amma in an daɗe yakan riƙe darajarsa. Na yi ta sha'awarsa."

"Ana karɓar awarwaro?"

Ya ajiye takardun. Ya gane. "Ba a karɓa. Sai an sayar, a zuba kuɗin, su sayi nasu. Kuma Inna, ba zan karɓa ba."

"Ban tambaye ka ba. In an zuba, ana zuwa a duba shi?"

"Ba a zuwa. Takarda kawai ake aiko wa mutum. Ba ya fitowa kuma sai mai shi ya kai shekarun da doka ta yanka."

Gwal ɗin da ba a gani, ba a taɓawa, ba a ara wa amarya. Na ji abin wani iri, kamar a ce ka yi aure amma matar tana wani gari har abada. Amma da na ji ba ya fitowa sai hankalina ya kwanta, don na san halinsa. In kuɗi na ba shi a hannu, kafin wata shida wani ɗan'uwa ya yi waya daga gida da kukan asibiti, sun tafi. Wannan kuwa ko shi bai isa ya taɓa ba. Ya yi ta roƙona, ya ce na Zainabu ne, ya ce zai sami wani aikin. Na ce ni na matse gyaɗar ko shi? Na ce in ya ƙi ban yafe ba. Ban taɓa faɗa masa wannan kalma ba sai ranar, kuma a kan kyauta na faɗe ta.

Muka hau bas zuwa Sparkbrook, gwangwanin yana cikin jakar cefane a kan cinyata. A Stratford Road muka shiga shagon wani dattijo maƙerin gwal, mutumin Pakistan, mai jan gemu. Ya shimfiɗa baƙin ƙyalle, na zazzage. Ya riƙa goga kowanne a kan ɗan dutse yana ɗiga masa wani ruwa, yana gyaɗa kai. Ya ce a faɗa mini ban taɓa sayen jabu ba, na ce a faɗa masa dillaliyata tana tsoron Allah, tana kuma tsorona. Muka yi dariya. Sai ya ɗauko awartaki ya fara ɓalle duwatsun 'yan kunnen, don dutse ba ya shiga sikeli. Da ya zo kan siririn awarwaron shekarar fari, ya datse shi gida biyu don ya ga cikinsa. Ƙarar ba ta fi ta karya tsinke ba, amma na ji ta har cikin haƙorina. Ya tattara duka ya zuba a wani ɗan kwano kamar wake. Shekara talatin ba ta cika kwanon ba.

A bas, muna dawowa, na ce masa, ina kallon titi, "Abin nan daga ni sai kai sai Allah. Ko matarka. Ko Zainabu. Ka rantse."

"Inna, Zainabu fa ya kamata ta sani."

"Ka rantse."

Ya rantse. Kun ji kuskuren. Na kasa jure a ce Hajiya ta kwashe gwal ɗinta ta ba ɗan fari don tausayinsa. A kunnena wannan daidai yake da in fita kasuwa ba mayafi. Na ce wa raina ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ban kawo a raina cewa kyautar da ba shaida rigar ƙaya na sa masa ba.

Ya sami wani aikin bayan wata takwas, ƙarami, a nesa. Shekara ta zagayo, Safiyya 'yar Zainabu ta gama jami'a ta kawo wanda take so, aka sa rana. Zainabu ta zo Perry Barr da murnarta, ta shigo ɗakina tana guɗa.

"Inna, a fito da kayan tarihi! Yau jikarki za ta gwada sarƙar Malam."

Na ce, "Yana hannun yayanki."

Ta sauka ta same shi. Ina saman matakala ina jin su. Shi ba ya ƙarya, ya ce an sayar, an narkar, yana cikin asusun fansho. Ta ce asusun wa? Ya ce nasa. Ta ce da sunan wa? Ya ce nasa. Ta ce wa ya ba shi izini? Shiru. Sai na ji takunta tana hawowa, ta durƙusa a gabana ta kama hannuna da babu komai a jikinsa.

"Inna, ki faɗa mini gaskiya. Ke kika ba shi?"

Ga ƙofa a buɗe, kalma ɗaya ce. Sai na tuna yarinyar da ke tura awarwaro a cinyata, na tuna shi yana ƙasa yana ji. Na ce, "Ni ban san takardun Turawa ba."

Ban yi ƙarya ba, kuma ban taɓa yin ƙaryar da ta kai wannan muni ba. Ta sauka. Abin da ta faɗa masa ba zan sa a rubuta ba. Na dai ji ta ce, "Tsohuwar da ba ta iya karatu ba ka samu, Yaya? Uwarka?" Safiyya ta yi biki da gwal na aro. Kawunta ya zo ɗaurin aure, ya tsaya a sahun baya, ya tafi bai ci abinci ba.

Shekara huɗu. Sallah ta rabu biyu. In azumi ya zo sai ya kai ni tashar manyan bas ya sa ni a kujerar gaba, ita ta tare ni a can, kamar saƙo. Jikokin da suka tashi a kan tabarma ɗaya suka koma sai a waya, a ɓoye. A Gorton ina zaune za a kawo zancensa, ta yi ta faɗa, ni ina jan carbi. A Perry Barr kullum da safe yakan durƙusa a bakin ƙofata ya gaishe ni, bai taɓa cewa Inna ki sake ni daga rantsuwar nan ba. Kullum ina cewa gobe zan faɗa, kullum goben tana ƙara nauyi, don yanzu ba kunyar ɗan fari kaɗai ba ce, har da kunyar shirun jiya.

Da na yi wata 'yar jinya, Zainabu ta ce ba za ta bari in mutu da hakkina a wuyan wani ba. Ta kira limamin da ke yi wa Hausawanmu na Manchester ɗaurin aure da suna, da dattawa biyu, ta aika wa yayanta. Wata Asabar bayan azahar aka zauna a falonta. Maza suna ciki, ni da ita muna bakin ƙofa. Ta zayyana komai. Liman ya juya wajensa.

"Injiniya, ka ji abin da ƙanwarka ta ce. Me za ka ce?"

Ya sunkuyar da kai. Sai a ranar na ga furfura ta cinye masa ƙeya. Ya ce, "Allah gafarta Malam, duk abin da ta faɗa a rubuta shi a kaina. Ni na ɗauka. A yanka mini abin da zan biya."

Ɗaya daga cikin dattawan ya yi salati. Na ga yadda suka kalle shi, mutanen da gobe za su haɗu da shi a masallaci, su faɗa wa matansu, matan su faɗa wa Kano. Zai ɗauki sunan ɓarawon uwarsa har kabari don kada a ce na yi rashin kunya. Ban san sanda na miƙe ba.

"Ƙarya yake yi, Malam. Bai taɓa yi ba sai yau. Ni na ba shi. Ni na ɗauki gwangwanin da hannuna, ni na tilasta shi, ni na sa shi rantsuwa. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan ubansa da ni da wannan yarinyar, ya tashi ba shi da komai. Ɗana ne. Tausayinsa na ji."

Liman ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce kyautar uwa halal ce, amma addini ya so a daidaita tsakanin 'ya'ya, a kuma kafa shaida, kuma kunyar da za ta raba zumunci ba ta cikin kunyar da aka yaba. Ya faɗa a hankali, amma ta shige ni. Injiniya ya ce ranar da asusun ya buɗe zai fitar wa Zainabu rabonta, a rubuta yanzu a gaban dattawa.

"Riƙe abinka, Yaya," in ji ta. "Wa ya ce maka gwal nake wa kuka?"

Ta rarrafa har gabansa, babbar mace mai suruki, ta kifa kai a ƙasa tana kuka. Ya ce, "Tashi, Auta, kin tara mini dattawa ko ruwa ba ki ba ni ba." Ta yi dariya cikin kuka ta tafi kicin. Ni kuwa ba ta kalli inda nake ba.

Da baƙi suka watse ta ce ita za ta mayar da ni Birmingham, yayanta ya wuce gaba. Muka hau babban titi ana yayyafi, motarsa tana gabanmu. Mun fi awa ɗaya a kan hanya. Sai ta ce, idonta a kan hanya, "Shekara huɗu ina zaginsa a gabanki, Inna. Kina ji."

"Ina ji."

"Kuɗin karatuna ma ashe shi ne. Ni na ɗauka Malam ne ya sayar da fili."

"Shi ne."

Ta share ido da bayan hannu. Muka wuce wata babbar mota, muka koma layinmu.

"Da kin faɗa mini tun farko, wallahi da ni zan riƙe miki jakar har wurin maƙerin."

Na san gaskiya ta faɗa. Na haife ta, na goya ta, na yi shekara arba'in ina hira da ita, amma ban yi mata wannan zaton ba. Shi ya yafe mini tun kafin in nema. Ita ma ta ce ta yafe, kuma na yarda. Ni ce dai har yau ban gama da kaina ba.